Wanda Ya Sace Mani Mashin

Mashin ɗin ja ne, na hannu, amma injinshi lafiya lau. Inna ce ta saya mani shi da rabonta na gonar da mahaifinsu ya bari a ƙauye, shekarar da na samu shiga kwalejin horar da malamai. Babanmu ya rasu tun ina firamare, ni ne babba, sai ƙannena mata biyu. Da safe ina aji, da rana in fita kabu-kabu, daga Kambarawa zuwa Babbar Kasuwa, daga kasuwa zuwa duk inda fasinja ya ce. Da shi nake biyan makaranta, da shi ake ɗora tukunya a gidanmu.

Wata Laraba wata tsohuwa ta tsayar da ni bakin kasuwa, ta ce in taimaka in ɗauko mata buhun gero daga rumfar 'yan hatsi. Na kafe mashin, na kulle kai, na shiga. Ko da na fito da buhu a kafaɗa, wurin wayam. Na daɗe tsaye ban sauke buhun ba, ina duban ƙasa, har tsohuwar ta taɓa ni ta ce in aje kar ƙuguna ya riƙe.

Bayan 'yan makonni 'yan sintiri suka kama wani da mashin ɗin da ba nashi ba. Da aka matsa mashi ya lissafa nawa cikin waɗanda ya ɗauka. An riga an kwance shi an sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Tanki kaɗai aka samu, na gane shi da wata lotsawa ta gefen hagu, aka miƙo mani.

A kotu na fara ganinshi da kyau. Na zaci zan ga ƙato mai jajayen idanu. Sai ga wani siriri, sa'ana, ɗan wani ƙauye ne da ya shigo birni leburanci, ya sunkuyar da kai har aka gama bai ɗago ba. Alƙali ya ba shi shekara uku ba zaɓin tara. Na ji sanyi a raina, na dawo gida da sauri in ba Inna labari. Na iske ta tana tankaɗe. Ta saurara har na kai aya, sannan ta ce, “To, mashin ɗin fa?”

Na ce babu shi. Ta ci gaba da tankaɗenta, ta ce ashe shi aka hukunta, mu ba a biya mu ba.

Kafin zangon karatu ya ƙare na jingine makaranta. Wani Alhaji mai shagon atamfa a kasuwa, abokin marigayi babanmu, ya ɗauke ni. Aikina in buɗe shago, in share, in warware turmi in nuna wa mata, su taɓa su yamutsa fuska su wuce, in sake ninkewa. 'Yan ajinmu kan biyo ta layin lokacin da suka fara fita koyarwar gwaji, rigunansu a goge. In na hango su sai in shige bayan tarin shadda kamar ina neman wani abu.

Muna da maƙwabci gandiroba, Kirista ne daga kudancin Kaduna, ya daɗe a Katsina har bakinshi ya koma namu. Baba muke ce mashi. Matarshi da Inna suna musayar kwano, Sallah daga gidanmu, Kirsimeti daga gidansu. In ya taso aiki yakan zauna kan benci gindin bishiyar bedin da ke ƙofar gidanshi, maza su taru a yi ta hira har a kira magariba. Wata rana ina dawowa daga kasuwa ya kira ni, yana murmushi kamar mai albishir. Ya ce mutumina ya shiga ajin walda, mai koyar da su ma ya ce hannunshi na da kyau. Na ce wane mutumin nawa. Ya ce ɓarawon mashin mana.

Na san Baba ya ɗauka zan ji daɗi. Na yi mashi sai an jima na shiga gida, aka kawo tuwo na kasa ci.

Daga nan labarin bai yanke ba. Yau ya haɗa kujerar ƙarfe, gobe ya gyara gadajen ɗakin marasa lafiya na gidan yarin. Sai kuma aka ce wasu malaman sa kai suna shiga suna koyar da su, shi kuma dama ya taɓa sakandare ya bari, ya koma karatu. Can aka ce ya zauna jarrabawar gama sakandare, an biya mashi, ya kuma ci. Ranar da na ji wannan na jawo kwalin littattafaina daga ƙarƙashin gado. Gara ta fara cin gefensu. Na kakkaɓe na mayar, na zauna bakin gado ina tunanin yadda mutum zai raba ni da aji, shi kuma a kai mashi aji har inda yake kwana.

Baba ya lura fuskata na canzawa. Ya ce kar in ɗauka otal ne. Ya ba ni labarin gabzar da suke ci, da ƙaiƙayi, da ɗakin da ake kwana gefe ɗaya don ba wurin juyawa, da zafin bazara in an rufe ƙofa. Duk wannan ya shiga ta kunne ɗaya ya fita ta ɗayan. Abin da na riƙe kawai shi ne yana karatu ni ina ninke atamfa.

Har gardama ta kaure gindin bedin wata yamma. Ni na tada ta. Na ce a ganina hukunci ramuwa ne, wanda ya ɗanɗana wa wani ɗaci shi ma a ɗanɗana mashi daidai gwargwado, in ba haka ba me ya raba gidan yari da makarantar kwana. Ladanin masallacin unguwarmu ya ce ba don ni kaɗai ake hukunci ba, ana yi ne don na waje su gani su shiga taitayinsu, kuma in labari ya bazu cewa ana fitowa da sana'a da takarda, tsoron ya tafi ke nan. Wani direba ya ce shi duk bai dame shi ba, muddin ɓarawo na ciki mashin ɗin mutane na kwana lafiya, ko me suke koya a can su ta shafa.

Baba ya bari kowa ya gama. Ya ce shekarunshi nawa yana riƙe da makulli, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne kusan duk wanda ya rufe, wata rana shi zai buɗe mashi. Ya juyo gare ni.

“Ranar da zan buɗe ma mutuminka, cikin garin nan zai shigo. Mi kake so in sako maku? Mai walda, ko wanda ya ƙware a sata ya kuma ƙara fushi?”

Na ce ni abin da nake so a sako mani shekaruna. Ya ce wannan makullin ba ya hannunshi. Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Da wa'adin ya cika, mutumin nawa ya fito. Wata ƙungiya ta ba shi injin walda da ɗan janareta, wani dattijo ya ba shi aron fili kusa da Ƙofar 'Yandaka. Na ce a raina ba zai kai damina ba. Ya kai, ya wuce. Ya kafa rumfa, ya jera ƙofofi da tagogi a bakin titi, ya ɗauki masu koyon aiki. Ban da wani dalilin bi ta wannan hanya, amma ina bi. In tsaya tsallaken titi wajen mai rake, in yi kamar ciniki nake, ina kallon tartsatsin wuta na tashi. Ina ƙirga ƙofofin da ido, in na ga sun ragu in ji haushi, don na san an saya.

Mutane suka fara ba da labarinshi. A shagon Alhaji na ji wata Hajiya na gaya wa ƙawarta wai akwai wani bawan Allah da ya tuba, aikinshi ba ha'inci. Aka kira shi gidan rediyo ya yi wa matasa nasiha. Ya yi aure ni ko zance ban fara zuwa ba, don ƙannena ne a gaba. Ranar da na gan shi bisa mashin sabo fil, da leda a jikin kujera bai cire ba, ina cikin kurkura ta haya an matse ni da kwandon wata mata. Na bi shi da kallo har ya sha kwana.

Wata Lahadi da rana, bayan Baba ya dawo coci, ya yi sallama a zaurenmu, ga mutumin a bayanshi. Ya cika, hannuwanshi duk tabon ƙuna. Inna ta fito ta tsaya bakin ƙofar zaure. Ya durƙusa har ƙasa, ya ce shi ne ya cuce mu, ya daɗe yana son zuwa kunya na hana shi, ya zo neman gafara. Inna ba ta ko ja rai ba. Ta ce ta yafe duniya da lahira, ta sa mashi albarka, ta aika a damo fura. Baba ya dube ni. Na ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, abin da mutum ke faɗi ke nan in ba ya son ya ce ya yafe. Ina jin duk sun gane.

Da zai tafi ya tsaya yana duban ƙofar gidanmu, tsohon langa-langa ne da muke tokarewa da turmi. Sati na zagayowa sai ga shi da ƙofar ƙarfe a kan kurar ɗaukar kaya, shuɗiya, da zanen ganye a sama. Da kanshi ya fasa bango ya kafa ta, ya ƙi karɓar ko kuɗin siminti.

Wannan ƙofa ta ci mani tuwo a ƙwarya. Duk baƙuwar da ta zo sai Inna ta kai ta ta nuna mata, ta buɗe ta rufe don a ji ba ta ƙara. Ta fara ce mashi “ɗan nan nawa mai walda”. In ta yi dambu sai ta ɗebi nashi. Da ta kwanta zazzaɓi ya zo dubiya da kankana guda, ta yi sati tana faɗi. Ni da nake shigo da cefane kullum tun barina makaranta, ban taɓa jin an ba wata baƙuwa labarina ba. Na san albarka tana sa mani, safe da yamma. Amma albarkar tawa ta zama kamar gaisuwa, tashi kuwa da zaƙi a bakinta.

Wata safiya na kasa haƙuri. Tana zaune tana tsince shinkafa na ce, “Inna, ashe da sata na yi da na fi daraja a gidan nan.”

Ta ɗago ta dube ni. “Wanda bai faɗi ba, wa zai ce mashi sannu?”

“Ni ma ai na faɗi. Kayar da ni aka yi.”

Ta mayar da hannunta cikin faranti. Can ta ce ta sani. Na ɗauki hulata na fita.

Ba a jima ba ƙafar kurfotin girkin Inna ta karye, ta ce in kai wa mai waldan. Na so in kai wani wuri, amma na san za ta tambaya. Na iske shi duƙe kan wata taga. Ya cire baƙin gilashi, ya ba ni benci, ya ɗana ƙafar nan take. Sannan ya sa hannu aljihu ya fiddo makullin mashin ɗinshi ya aje kusa da ni. Ya ce tun ranar da ya saye shi da niyyar ya saya, bai san yadda zai fara ba ne. Na ture makullin. Na ce ba na so. Gaskiya ina so, har yawuna ya tsinke, amma na hango Inna tana ba baƙi labarin mashin bayan na ƙofa, na ga ba zan iya hawanshi ba.

Bai matsa ba. Ya zauna ƙasa ya jingina da ƙarfe, ya fara magana ba tare da ya dube ni ba. Ya ce mahaifiyarshi ta rasu yana ciki, ba wanda ya zo ya gaya mashi sai da aka yi arba'in. Ya ce har yau in ya je ƙauyensu, ana ganinshi ake shigar da kaya ɗaki. Ya ce cikin waɗanda suka koyi walda tare, wasu sun koma ciki tun ba a je ko'ina ba, ɗaya ma injin da aka ba shi ya sayar. Na tambaye shi to shi me ya gyara shi. Ya ce bai sani ba. Wataƙila tsoron komawa, wataƙila sana'ar, wataƙila kuma ranar kotu da ya saci kallo ya gan ni rungume da tanki kamar mai riƙe da jariri.

Na zaci in na ji wahalarshi zan huce. Na baro wurin da kurfoti a hannu ina jin har wahalar tashi ma ƙyashinta nake. Tashi tana da suna, alƙali ya yanka mata wa'adi, tana da ranar shiga da ranar fita, da ya fito kowa ya ga ya biya. Tawa ba wanda ya yanke mani ita, don haka ba ranar da za a ce ta ƙare. Ba wata ƙungiya da ke neman wanda aka yi wa sata ta ba shi inji.

Da ƙannena suka yi aure nauyi ya ragu, Alhaji ya yarda in riƙa tashi Asabar da Lahadi, na koma karatun ƙarshen mako. Na gama bayan 'yan ajinmu na farko sun daɗe da zama manyan malamai, ɗaya ma mataimakin shugaban makaranta ne. Na samu koyarwa a wata sakandaren jeka-ka-dawo. Na yi aure. Abin ya lafa, har nakan yi wata ban bi ta Ƙofar 'Yandaka ba.

A bara aka fasa ɗakin ajiyar makarantarmu, shugaban makaranta ya ba da aikin sababbin tagogi. Mai waldan nan aka ba. Da shugaban ya ji tarihinshi sai ya roƙe shi ya yi wa ɗalibai magana a taron safe. Kafin ranar ya same ni ɗakin malamai, ya gaishe ni da Malam, ya tambaya ko ya ambace ni. Na ce a'a, kar ya kuskura.

Ya tsaya gaban yara da rigar aikinshi. Ba shi da iya magana, yana yi yana inda-inda, amma filin nan ya yi tsit. Yaran da nake fama da su kullum kafin su rufe baki, har na bayan layi sun miƙa wuya. Ya faɗi yadda ya fara, da yadda aka kama shi, da ɗakin da ba a juyawa, da mahaifiyarshi. Da ya zo kan mashin ɗin ya ce na wani bawan Allah ne ɗalibi, ya wuce. Bai ko dubi inda nake ba, kamar yadda na ce mashi. Aka tafa, shugaban makaranta ya rungume shi. Ina tsaye bayan layin 'yan aji uku ina tafawa tare da kowa, ina kuma jin haushin bai saɓa mani ba.

Da na shiga aji yaran ba su da zance sai nashi. Wasu na cewa shekara uku ta yi kaɗan, wasu na cewa ai ga shi ta yi amfani. Na bar su suka yi ta yi, don darasin ranar bai fi wannan ba. Can wata yarinya da ke zama gaba, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu.

“Malam, shi ɗalibin da aka sace wa mashin ɗin, ya gama karatun?”

Na ce ya gama, amma a makare. Ta tambaya ko ya yafe. Na ce ina jin yana kan hanya. Ta ce to shi me ya sa ba a kira shi ya yi magana ba. Wani yaro daga baya ya ce ai wanda aka yi wa sata ba shi da labari, an sace an sace ke nan. Ajin ya yi dariya. Na bari suka gama, sannan na ce kowa ya fiddo littafinshi, na juya na fara goge allo.